Tankin da Ke Ƙarƙashin Kujerar Baya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Malam Haruna, direban hanyar Illela zuwa Sakkwato. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Da bazara ya rasu, kuma bazarar waccan shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Rijiyar unguwarmu ta ƙafe da wuri, 'yan garuwa sai an bi su da roƙo, mutane suna ta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ni kuwa duk tsawon watannin nan gabana faɗuwa yake yi, ban san dalili ba. In na faɗa wa Malam sai ya ce zafi ne kawai, in riƙa shan ruwa.

Yana raye ban iya riƙe alƙalami ba. Bayan na fita takaba na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda takardun motarsa sun dawo hannuna, ina juya su ban san sama da ƙasa ba. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa. Bana abin da na gani a gidana ya hana ni fasawa.

Sai na fara da motar, don ba a yin zancen Malam a bar ta. Fara ce, doguwa, mai ƙofa biyar, ƙirar Japan. Ta Kwatano ta shigo, ta ratso Nijar, bayan wani Bature ya gama yayinta a ƙasarsu. Kafin ita motocin Faransa ne suka cika tashar Illela, kuma manyan direbobi sun yi wa Malam dariya ranar da ya shigo da ita. Suka ce gwangwani ya sayo, ramin farko na hanyar Gwadabawa zai raba ta biyu. Ba a yi shekara biyar ba, masu dariyar duk suka koma irinta. Ba ta shan mai da yawa, kayanta akwai a kowace kasuwa, kuma ko bakaniken gindin dogon yaro ya san cikinta.

Malam yana son ba da labarin masu ƙera ta. Wai asalinsu ba maƙeran mota ba ne, injin saƙa suke yi, daga baya suka juya. Wai kuma ƙasarsu ta sha wuyar yaƙi, babu mai, babu ƙarfe, shi ya koya musu tattali. Ban san inda ya ji ba, wataƙila a rediyo. Da yake mahaifiyata a Amarawa kaɗin zare take yi, yakan zolaye ni ya ce ai motar dangina ce, shi ya sa take da haƙuri kamar ni. Kullum da safe sai ya buɗe bonet ya duba ruwa da baƙin mai, ya tayar da ita, ya tsaya ya karkata kai yana saurare. In aka yi masa magana a lokacin ba ya amsawa. Shekara tara yana jan ta, sau biyu kawai na san ta kwana a hanya.

Haƙurin nan nata shi ya jawo mana. Mota mai ɗaukar duk abin da aka ɗora mata, mutane ba su san inda za su tsaya ba. A shekarun nan fetur ya fi araha a wajenmu, da an tsallaka da shi Ƙwanni ta Nijar kuwa ya zama sefa, kuɗin can. Wasu suna ɗauka a jarka a kan babur. Masu mota sai suka samo tasu dabarar: a ƙera wani tanki mai faɗi a ɓoye shi ƙarƙashin kujerar baya, a ƙara wa motar sifirin, ƙarafan nan masu ɗaukar nauyinta, don kada bayanta ya zauna a gane tana da nauyi. Malam ya daɗe yana ƙi. Daga baya ya yi, kamar yadda kusan kowa a tashar ya yi. Ba na kare shi, ba na kuma zagin sa. Baki bakwai yake ciyarwa.

Ga abin da nake so duk mai mota ya ji. Tankin da babu mai a cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin iskar fetur tana maƙale a ciki ko an zuba shi a rana. Masu walda sun sani. Ƙa'idarsu ita ce a wanke shi da garin sabulu, a cika shi da ruwa har baki, sannan a kusanto da wuta. Malam ya san haka fiye da kowa, shi yake yi wa wasu faɗa a kai.

Tankin nasa ya fara ɗiga. Ya kwance shi, ya bar motar a gida, ya ɗora shi a babur zuwa wurin Mamman mai walda, abokinsa tun suna yara. Ranar Asabar ce, washegari kasuwar Illela, ranar da ba direban da ke son motarsa ta zauna. Suka jira ɗan garuwa tun hantsi har azahar bai zo ba. Mamman ne ya ba ni labarin nan da bakinsa daga baya, yana kuka. Ya ce sun ɗauraye tankin da buta biyu, suka shinshina, ba wari. Malam ya ce ai tun jiya yake cikin rana, a yi kawai. Shi ya durƙusa ya riƙe, Mamman ya sa wuta.

Ina tankaɗen gari na ji ƙarar. Daga gidanmu zuwa wurin tafiya ce mai ɗan nisa, amma sai da tattabarun maƙwabta suka tashi. Na ajiye rariya. Ba wanda ya gaya mini komai tukuna, na dai kasa miƙewa. Mamman ya rasa ido ɗaya da jin kunne ɗaya. Malam bai kai asibiti ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne motar. Aka dawo daga maƙabarta, ga ta nan a ƙofar gida, fes, ko ƙwarzane babu. Shekara huɗu tana rufe da tamfol. 'Yan uwansa suka ce a sayar, na roƙe su a bari. Ɗanmu Nasiru yana da shekara goma sha biyar a lokacin. Da ya isa, ya koyi tuƙi, aka sa mata batir da sababbin tayoyi, ta tashi a murɗawa ta uku. Abu ɗaya na ce masa ranar da na miƙa masa makulli: fasinja da kayansu, ban da mai. Ya ce ya ji.

Nakan zauna in ce, da Malam zai leƙo yau, me zai ce? Shi da yake fita da sallar asuba, yanzu ba direban da ke kama hanya sai rana ta fito sosai, kuma kowa yana gaggawar komowa kafin la'asar ta yi sanyi. Ana tsayawa a tasha ana tambayar wanda ya shigo ko hanya lafiya. Masu ɗauke mutane a daji, an ce su ma abin hawan Japan suke so, saboda ba ya mutuwa a hanya. Ban san yadda zai ji ba in ya ji aikin masaƙan da yake yabo ya faɗa hannun irin waɗannan. An rufe iyaka, an buɗe, mai ya yi tsadar da bai taɓa mafarki ba, fasinja sun ragu. Kullum Nasiru ya fita, kunnena yana ƙofa har in ji ƙarar injin nan da na sani. Na ɗauka tsoron hanya shi ne iyakar tsorona.

Ranar Alhamis da ta wuce, kwana biyu kafin cikar shekarun nan, na fito da la'asar zan shiga maƙwabta. Motar tana tsaye ba kowa a ciki. Sai na ga bayanta ya ɗaga sama, gabanta ya sunkuya. Wanda bai sani ba zai wuce. Ni na san tsayuwar nan, na kwana da ita na tashi da ita shekara biyu. Na matsa na buɗe ƙofar baya, warin ya bugi hancina. A ƙasa, daidai ƙarƙashin kujerar, ƙasar ta yi duhu kamar faɗin tafin hannu. Na dafa ƙofar.

Nasiru ya dawo daga masallaci ya same ni a haka. Yanzu shekarunsa ashirin da shida, yana da mata da 'ya ɗaya.

Na ce, "Nasiru, yaushe anka ƙara mata sifirin?"

Ya yi 'yar dariya. "Inna, ke kuma yaushe kika zama bakanike? Buhunan albasa na sunka yi yawa."

"Albasa ta ka warin fetur?"

Ya dubi hanya ko akwai mai jin mu. Sannan ya rage murya ya ce wata uku ke nan. Ya ce akwai lokutan da mai yakan yanke a tsallake, tafiya ɗaya ta fi mako guda na ɗaukar fasinja. Ya ce hanyar Ƙwanni ma ta fi ta Sakkwato kwanciyar hankali, ai don ni ya yi, don in daina zaman jiran ƙofa.

Na nuna masa ƙasar da ta jiƙe.

"Ɗan ɗigo na, Inna. Na shahwa mashi sabulu, ya tsaya. Gobe in yi tahiya ɗaya, jibi in kai a yi mashi walda."

Jibi Asabar. Ban sani ba ko ya lura. Na tambaye shi wa zai riƙe tankin in an sa wuta. Ya ce yanzu an waye, ba kamar da ba, kuma komai na Allah ne. Na ce haka ne. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ko Malam bai taɓa jin ihuna ba. Na koma ciki, na zauna a kan tabarma, jikata tana hawa bayana tana sauka.

Na yi tunanin in aika wa baffansa. Zai zo ya yi faɗa, Nasiru ya sunkuyar da kai, bayan mako guda a mayar da motar wani gareji inda idona ba ya kaiwa. Na yi tunanin ɓoye makulli, sai na tuna akwai na biyu. Na yi tunanin in yi masa baki, na nemi tsari da Allah, uwa ba ta wasa da wannan.

A zaman nan ne na auna abin da ya rage mini na Malam. Tufafinsa an rabar tun da daɗewa. Muryarsa ma ta fara ɓace mini, sai na yi ƙoƙari nake tuno ta. Abin da ya rage yana jikin Nasiru: yadda yake karkata kai yana sauraren inji, yadda ba ya barin tsohuwa a tasha don ba ta da na mota, yadda yake jin kunyar shigowa gida hannu biyu. Kuma har da ɗayan abin, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Malam mutum ne mai kiyayewa kwana dubu, amma in ya ga iyalinsa za su rasa, yakan ce yau ɗaya dai ba komai. Mutanen gari suna tuna shi da kirki, kuma gaskiyarsu. Ni da na zauna da shi na san kirkin nan da gangancin nan tushensu ɗaya. Ba zan iya cire wa ɗana ɗaya in bar ɗaya ba da magana kawai, tunda mahaifinsa ma ya san duk maganar, shi yake koya wa mutane ita.

Washegari Juma'a, da gari ya waye sosai, na yi wanka, na sa hijabina na fita unguwa, na ɗauki carbi da 'yar jakata. Nasiru yana gaban mota, bonet a buɗe, yana duba ruwa. Na buɗe ƙofar baya na shiga, na zauna a tsakiyar kujerar, na ja ƙofa. Ta cikin soso ina jin taurin ƙarfen, da motsin man a ƙarƙashina. Warin ya cika mini ƙirji. Tsoron da na ji a wurin ban taɓa jin irinsa ba.

Ya rufe bonet ya gan ni. Ya zagayo da sauri.

"Inna, mi na na haka? Ina za ki?"

Na ce, "Ƙwanni. Yau da gobe da kullum, in dai tankin ga na ciki, nan ad wurin zamana. Ranar walda kuma ni ka riƙewa. Tada mota mu tahi."

"Don Allah, Inna, sauko. Mutane na kallo."

"Ka ce ɗan ɗigo na. Tada."

Ya tsaya da makulli a hannu. Maƙwabcinmu ya wuce ya gaishe mu, na amsa masa ta taga, Nasiru bai ko ji ba. Can ya durƙusa a bakin ƙofar, ya dafa goshinsa a jikin motar, ya daɗe a haka. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Sauko in ɗaga kujerar."

Na ce, "In ka ɗaga ka yi mi?"

"In cire shi."

Na ce ya je ya ɗauko sifanar kwance tankin tukuna in gani a hannunsa. Ya shiga gida. Ni kuwa na gyara zama a kan tankin, na ci gaba da jan carbina.