Injin Hantar Maliki

Yayana Maliki makanikin injin ban ruwa ne a fadamar Zauro. Shekara ashirin da biyu yana yawo da jakar sifana a bayan babur, daga Zauro zuwa Argungu, duk inda injin manomin shinkafa ya tsaya. Ko tuwo a tsaye yake ci. Ni kuwa haushinsa nake ji, domin mutum ne da ba ya jin magana sai ta ƙarfe.

Bara idonsa ya yi ɗorawa, ya rame. Da ƙyar na ja shi asibiti a Birnin Kebbi, aka ɗebi jini. Ranar karɓar sakamako ya tafi shi kaɗai, ya dawo yana washe baki.

"Ni'ima, sun ce injin hantata ya hau! Mi kike so kuma? Injin da ya hau ai aiki ya kai."

Bai ko karɓi magani ba, ya koma fadama. Sati biyu ina kai da kawo, na kasa zama, na kasa cin abinci. Tsoro nake ji ƙwarai. Ran nan na tare shi a ƙofar gida, na haye babur ɗin, na ce ba zan sauka ba sai asibiti.

Judith, ma'aikaciyar ɗakin gwajin da ta ba shi takardar, ta dafe kai.

"Baba, enzayim na ce, ba injin ba."

Ta yi masa bayani a hankali. Wasu sinadarai ne a cikin ƙwayoyin jiki, su ke sarrafa abinci, wasunsu kuma su hana ƙwayar cuta abin da za ta hayayyafa da shi. Wurinsu cikin hanta ne. Idan an gan su da yawa a jini, hantar ce ke fashewa a faɗan da take yi da ƙwayar cutar da ta kama ta.

Maliki ya daina kaɗa mukullin babur.

"Kenan baƙin mai na anka gani ƙasa. Yoyo ya kai."

"Haka ne, Baba."

"A ba ni sunan abin da ya lalace, in nemo sabo."

"Babu na canji. Sai magani da hutu. Kuma cutar tana bin jini, tana iya kama iyali."

Ya kalli hannuwansa. Sannan ya juyo gare ni.

"Tai gida ki taho da matata Ummu Hani da ɗiyan duka, a gwada su. Ni ina nan."