Rassan mangwaron Baba a firigon Inna

Shekarun baya, lokacin ina karatu a wata ƙasar sanyi, na zo hutu gida Dogon Dutsi, kuma bakina ya jawo mini abin da har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Aikina a can a kan wasu itatuwa ne masu ganye kamar allura, irin waɗanda ba sa kaɗewa ko ƙanƙara na zuba. Mukan ciro 'yan ƙwayoyin rai daga cikin irinsu, mu raine su a kwalba, wasu kuma mu daskarar da su a cikin wani tulun ƙarfe mai tsananin sanyi. Ni nawa shi ne in auna ko zaman kwalba da daskarewa suna tsofar da ƙwayoyin. Shekara biyu ina wannan awo. Amma a unguwarmu abin da aka sani kawai shi ne, an kai ni ƙasar Turawa ina sa icce a firigo. Gwaggona har cewa ta yi in zan koma in tafi da ita, ko gwiwoyinta sa huta.

Abin ya riƙa ɓata mini rai, don haka wata rana da hantsi na zaunar da mahaifiyata Inna, na ce yau sai ta gane aikina. Na yi ta zuba kamar mai wa'azi. Na ce mata in aka daskarar da ƙwayoyin, rayuwarsu tsayawa take cak, ba ci, ba girma, sai ranar da aka tashe su. Tana ƙulla lamurje a leda tana gyaɗa kai, don sana'arta ke nan, lamurje da ƙanƙara. Na tashi ina jin kaina malami.

Abin da ban faɗa mata ba, don na ga zai yi tsawo, shi ne sai an fara jiƙa ƙwayoyin da wani magani, a riƙa sanyaya su sannu a hankali. In ba haka ba ruwan cikinsu ya zama ƙanƙara ya farfasa su.

A tsakar gidanmu akwai mangwaron da marigayi mahaifina ya shuka da ƙwallo tun kafin a haife ni. Ba shi da zare, ga zaƙi, kuma duk garin ban taɓa cin irinsa ba. A ƙarƙashinsa yake shimfiɗa tabarmarsa, bayan rasuwarsa kuma Inna ta gaje wurin. Ashe gara ta cinye cikinsa. Iskar ruwan farko na zuwa da la'asar, ta karya shi daga gindi, ya kwanta a kan katanga. Ko 'ya'ya babu a kansa, balle mu ajiye ƙwallo.

Inna ba ta yi kuka ba, amma ranar ko lamurje ba ta ƙulla ba. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai tana da ɗa masani. Na yanko rassa masu kyau, na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ƙulli uku, na ajiye a gindin randa. Akwai wani mai garka a wajen Tibiri da ya iya aurar da itace, wato ya ɗaura reshe a kan ƙaramin dashe har su haɗe. Muka yi da shi zan kai masa jibi. Ragowar iccen kuwa maƙwabta suka sassare, aka bar kututture.

Ranar tafiya na duba gindin randa, wayam. Na tambayi Inna, ta ce in duba firigon ƙanƙara, can ƙasa, ta ajiye mini su wuri mai kyau.

Na ruga na buɗe firigon. Na ciro ƙulli biyu da hannuna ya kai gare su, sun sandare kamar ƙusa. Kafin in gama salati sun fara narkewa, sun yi baƙi, sun yi laushi kamar dafaffen rama. Na ce, "Inna, wa ya ce ki taɓa su?"

Ta dube ni ko a jikinta, ta ce, "Ba kai ka ce sanyi na hana su tsuhwa ba? Ni ko na ga zafi ya yi yawa."

Na shiga bayanin magani, da tulun ƙarfe, da sanyaya sannu a hankali. Ta bari na gama tas, sannan ta ce ita dai ba ta ji wannan a karatun ranan ba, in akwai shi to ni na ɓoye. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don gaskiya ta faɗa. Duk da haka na hau babur na kai wa mai garka. Ya murza reshe ɗaya a yatsa, ya tambaye ni ko miya aka yi da su. Na ƙarasa hutun ina kumbure-kumbure, har na ce a tone kututturen a huta. Inna ta ce ba mai taɓa shi.

Bayan na koma da wata biyu, ƙanwata ta turo mini hoto a waya. Jajayen tofo guda huɗu a jikin kututturen. Ashe kullum da safe Inna na juye masa ruwan da ya narke a kular ƙanƙararta. Ni da na rubuta jarrabawa a kan cewa gindin itace ne ke riƙe ƙuruciyarsa, ni ne na ce a tone shi. Yanzu haka ɗaya daga cikin tofon ya wuce katanga, ya kuma fara 'ya'ya, ba zare.

Tun daga nan in zan yi wa mutum bayanin aikina, da abin da zai iya ɓaci nake farawa, ko da zai yi hamma. Ni da Inna kuwa ba wanda ya ba wani haƙuri, kowa na ganin ɗan'uwansa ne ya yi ɓarnar.

Bara na je gida, ina taya ta kwashe firigon za a wanke, sai ga ƙulli na uku a can ƙurya, an ƙara naɗe shi da leda. Haushin ya dawo mini sabo. Na ce, Inna, wannan mataccen icce fa, shekara nawa yana cin wurin lamurje? Na nufi kwandon shara da shi.

Ta karɓe daga hannuna, ta share ƙanƙarar da ke kai da gefen zanenta, ta ce, "Na san ya mutu. Na tsakar gida ɗiyanshi ne. Wanga shi ne wanda babanka ya zauna ƙarƙashinai."

Da muka gama wankin, ni da kaina na mayar da shi ƙuryar.