Malamin da Ya Yanka Mana Ƙanƙara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, shugabar makarantarmu ta sanar da mu cewa Allah Ya karɓi ran malaminmu na labarin ƙasa, bayan gajeriyar jinya.

Malam, na zauna in rubuta baƙin ciki, amma duk abin da na tuno sai in ji ina murmushi. Kai ne da zarar hadari ya haɗu kake ajiye alli ka tura mu bakin taga. A nan muka koyi bambanta yayyafi da ruwa mai ƙarfi, muka san cewa raɓa ba daga gajimare take saukowa ba, a jikin ganye take taruwa. Dusar ƙanƙara kuwa, ka ce kai ma a hoto ka santa, kada wanda ya tsare ka da tambaya.

Ni ce yarinyar kujerar baya wadda ba a jin muryarta. Saboda haka aka yanke shawarar cire ni daga ajin kimiyya, don na kasa amsa ko tambaya ɗaya a gwajin baka. Ranar da shugaba ta shigo da maganar, sai ga ƙanƙara tana dukan kwanon rufi. Ka fita a guje da farantin shayinka, ka dawo a jiƙe sharkaf, ka tsinto ƙanƙara a ciki. Ka raba ƙwaya ɗaya da reza, ka ɗora a tafin hannuna.

Ka ce, "'Yata, faɗa wa shugaba abin da kike gani. Yi sauri, ba za ta jira kunyarki ba, narkewa take yi."

Aji ya fashe da dariya, har da ni. Sai na ji bakina yana bayani: iska ce ke cilla ta sama cikin gajimare, ruwa na daskarewa a jikinta, shi ya sa take hawa-hawa kamar albasa. Shugaba ta ce, "Ashe kina da baki!" Har yau ina ajin kimiyya.

Gobe ni zan karanta wannan a gaban dukan makaranta. Kuma ni da kaina na roƙa a ba ni wannan dama.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ga mai ɗakinka da 'ya'yanka, ina miƙa ta'aziyyar ajinmu baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Amin.