Mai Sassaƙe a Bakin Kogo

A dajin Inwood, can ƙasar Turawa, bakin kogon dutse, wata dattijuwa na tsaye, rigar aikin jinya ƙarƙashin mayafinta. Ta yi wa wata tsohuwar bishiya sallama, ta sassaƙi ɓawo gabas da yamma, sai mai gadin daji ya ƙwace. Wai bishiyar ta girmi kakan kakansa, ba a taɓa ta.

"Ai shi ya sa na zo, ɗan nan," take ce masa da Hausa. "Maigidana na kwance. Ƙaramar bishiya magani gare ta?"

Da alama likitoci sun gaza, sun sallamo mijin nata ne. Mai gadi ya watsar da ɓawon cikin busasshen ganye. Ita kuwa ko motsi, idonta na kan inda ya faɗi.