Goggo Jemima da Kumfan Tafki

Shekara talatin da ɗoriya, Goggo Jemima ce mai sa wa tafkin garinmu alama. Ba wanda ya naɗa ta. Da zarar sanyi ya daskarar da saman tafkin, ƙanƙara ta kama, tun tana garau kamar gilashi, sai ta fita da rungumen rassa da sandar ƙarfe, tana tafe tana leƙen ƙarƙashin ƙafarta. Duk inda ta ga fararen kumfa sun taru, sai ta kafa reshe. Iskar gas ce mai kama wuta daga ruɓaɓɓen ciyayin ƙasan ruwa, kuma inda take bulbulowa ƙanƙara ba ta kauri. In dusar ƙanƙara ta rufe, reshen nan kaɗai ke cewa a kauce.

Ba ta taɓa yarda da alamar bara ba. Cewa take tafki ciki gare shi: in zafi ya daɗe, fadama ta sha ruwa, sai ya yi ta gyatsa, shekarar fari kuwa da ƙyar ka ji motsinsa.

Shekarar da daskararriyar gaɓar gabas ta narke ta zabtare cikin ruwa, rassa uku ta kafa a kan hanyar da ƙanenta Silas ke bi zuwa wurin komarsa ta kamun kifi. Shi kuwa ya sayi sabon babur ɗin ƙanƙara, ya rantse ba zai zagaya ba. Ya zo ya ci burki dab da rassan.

"Yaya, tun ina goye ake bin nan. Tsufa ne ya sa ki dashen itace a kan ruwa?"

"Ni na goya ka, ai na sani. Sauko, sarkin sauri. Sunkuya ka duba mini, idona ya yi rauni."

Silas ya durƙusa yana dariya. Ta caka sandar a kan ƙanƙarar sau ɗaya, sai ta shige kamar cikin burodi. Ta ƙyasta ashana. Wuta ta yi bup, ta tashi tsayin mutum, ta tafi da rabin gemunsa.

Ya ja da baya da rarrafe, yana shafa haɓa, yana kallon ramin. Kaurin ƙanƙarar bai kai faɗin tafin hannu ba.

"Haba Yaya! Da sai ki faɗa da baki."

"Na faɗa sau nawa? Ashe a gemu kunnenka yake."

Ya tura babur ɗin baya a hankali, bai ko tayar da shi ba sai da ya taka ƙasa. Duk hunturun nan ta bakin gaɓa ya riƙa zagayawa, yana ce wa mutane wai so yake injin ya saba da doguwar tafiya.