Tsiren da na ɓoye a hanyar Yanbu

Ni mutum ne mai son cikinsa, wannan duk unguwarmu ta Harra ta Yamma an sani. Amma tun da na yi aure ban taɓa kai loma baki a gaban surukata ba. Haka muka tarar iyayenmu suna yi, kuma haihuwar Madina ba ta raba ni da wannan kunyar ba. Ita ma Hajiya ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta ce wa 'yarta, "Gaya wa mutumin nan," alhali ina zaune a gefe ina ji.

Wata shekara da tsakiyar zafi, ƙanen matata ya aro karafan, motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, don a kai Hajiya Yanbu. Rabonta da teku tun tana yarinya, kuma ta matsa sai ta sake ganinsa tun idonta na gani. Likita ya yarda, da sharaɗin kada zafi ya taɓa ta. Na'urar sanyin motar kuwa, wato mukayyif, ba ta aiki sai da janareta, wanda mu nan muke kira matur. Yana cikin wani akwati a jikin motar ta waje.

Da na leƙa cikin karafan sai na ga matsala. Ɗaki ɗaya ne tal, ba lungun da mutum zai juya baya ya tauna wani abu. Sai na sulale unguwar Anbariyya na sayo tsire mai yawa, a naɗe cikin takarda, a cikin leda. Na buɗe akwatin matur, na ga wani gurbi a gefensa, na cusa. Na ce a raina, ga ɗumi, ga rufin asiri.

Muna fita gari na fara nuna damuwa da lafiyar matur. Can sai in ce, "Tsaya in duba shi." In sauka, in buɗe akwati, in jefa yanka biyu a baki, in goge gemu, in dawo in ce lafiya lau. Matata har yabona take yi wajen uwarta.

Mun yi nisa cikin duwatsu, rana ta take, sai matur ya yi tari ya mutu. Mukayyif ya yi shiru. Nan da nan motar ta zama tanda.

Ƙanen matata, wanda yake jin Hausa amma da Larabci yake amsawa in ransa ya ɓaci, ya ratse a wani gidan mai, ya faka a inuwa. Ni na yi wuf na riga shi sauka, na tsaya a daidai gurbin nan na tare da jikina.

"Zafi ya yi," in ji shi, da ya taɓa murfin ya janye hannu. "Yaya, matsa in gani."

"Fara duba baƙin mai," na ce. Ya zaro sandar gwaji, mai yana nan daidai.

"To matatar iska ce." Ya cire ta, ya kakkaɓe, babu wata ƙura ta a zo a gani.

"To kaya kuka ɗora masa. Ga firji, ga butar shayi, ga cajin wayoyinku. Jaki ma sai ya durƙusa." Aka kashe komai, aka bar mukayyif kaɗai. Muka jira ya huce, aka tayar. Ya yi aiki kaɗan, ya sake mutuwa.

Allah ya gafarta mini, har man gidan man mutane na zarga, na ce watakila da ruwa a ciki, alhali ko ɗigo ba mu saya a wurinsu ba.

Matata ta leƙo ta taga. "Malam, Inna fa tana haki. Na jiƙa mata tawul amma ba ya tsinana komai."

Ƙanenta ya share gumi. "Halas. Narja', mu koma. A nemo ƙaramar mota a mayar da ita gida, teku sai wata shekara."

Sai muryar Hajiya ta fito daga ciki, a hankali. "Wata shekarar ta wa? Ke, gaya wa mutumin nan, ni dai hancina bai tsufa ba. Tun ɗazu injin nan ƙamshin ƙuli-ƙuli yake yi."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na matsa gefe, na zura hannu na jawo ƙunshin. Ashe gurbin da na samu ba banza aka bar shi ba, ta nan matur yake shaƙar iska. Ya zuƙe ledar ta manne a ragar kamar an liƙa, takardar kuma ta jiƙe da mai ta toshe sauran. Numfashinsa na toshe, ina ta tura mutane neman ciwo a wani wuri.

Ƙanen matata ya dubi tsire, ya dube ni, ya zauna a ƙasa don dariya. "Ya salam! Muhandis, babban injiniya! Ashe walima ake yi a nan, mu muna ciki da biskit!"

"Rufe mini baki, yaro. Kawo tsumma."

Muka ɓamɓare ledar da ta narke, muka wanke ragar, muka bar akwatin a buɗe ya sha iska. Da aka tayar, sai ya kama ruri sumul. Sanyi ya dawo, hakin Hajiya ya lafa.

Na tsaya a waje na kasa shiga. Ina jin ta tana ba da umarni. Da na hau, sai na tarar an ɗaura zanenta daga ƙofar banɗaki zuwa taga, an raba motar biyu.

"Gaya masa ya shiga can ya ci abinsa kamar ɗan mutane," ta ce wa 'yarta. "Amma a fara miƙo mini mai taushin ciki."

La'asar sakaliya muka isa Yanbu. 'Ya'yanta suka riƙe ta dama da hagu har bakin ruwa. Ta tuɓe takalmi, igiyar ruwa ta zo ta rufe mata idon sawu, ta yi ƙara kamar yarinya ta ce sanyi, ta kuma ƙi fitowa.