Kek ɗin Da Ba Ya Sayuwa

Duk wanda ya aurar da 'ya a unguwarsu cikin Daura a shekaru ashirin ɗin nan, in dai an kai gara da kek a ciki, da wuya in ba daga tukunyar Barakatu ya fito ba. Gajeriyar mace ce mai kaifin baki da saurin hannu. Na'urar gashi ba ta da ita, ba ta kuma taɓa sha'awarta ba. Babbar tukunyar ƙarfe take zuba wa yashi, ta ɗora bisa gawayi, ta jera gwangwanayen madara cike da kwaɓi, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfi. Agogo ba ya cikin aikin. Hancinta ke gaya mata lokacin buɗewa, tsinken tsintsiya ya tabbatar.

Wata nas 'yar Jos da ta yi haya a maƙwabtansu ce ta koya mata. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka yi wa nas ɗin canjin wurin aiki, ta tafi ta bar mata tukunyar da wani faffaɗan gwangwani mai zurfi. Barakatu ta karɓi sana'ar ta mai da ita tata, ta ƙara citta da kanumfari, don a ganinta abin da ba ya ɗumama maƙogwaro abincin asibiti ne. Mijinta Maliki, direban motar Daura zuwa Kano, shi ke ɗebo mata yashi daga korama in ruwa ya ɗauke. Yakan ce duk tashar shi kaɗai ne ake aika ya ɗebo ƙasa, ya kawo kuma a ce bai iya zaɓe ba.

'Ya'ya shida Allah Ya ba su. Biyar daga ciki sun sha kira da suna, sun sha zagi da suna, wanda duk ya taɓa mata sukari ya ji sunansa har bakin titi. Ta farin kuwa, Siddiƙa, ba ta taɓa jin nata a bakin uwarta ba. Barakatu ta tashi ne a hannun kakarta a wani ƙauyen Sandamu, inda macen da ta san ciwon kanta ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Mata da yawa sun sassauta wannan kunyar, ita kuwa ta riƙe ta da hannu bibbiyu, har tana alfahari da ita. Ana yaye yarinyar aka miƙa wa Hasana, yayar Maliki, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, gida huɗu ne tsakaninsu. In dole ta kama a ambace ta, sai Barakatu ta ce "'yar Yaya Hasana", ko kuma "waccan".

Kada wani ya ce ba ta son ta. Sonta ne ma ya fi ci mata rai, sai dai ba shi da ƙofar fita.

Siddiƙa na shekara tara, da kaka, ana cikin yankan gero, zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita. Ta warke amma ta ƙi abinci, kunu ma sai an yi da gaske. Barakatu ba ta je dubiya ba. Sai ta riƙa fakewa da aron rariya, ta tsaya daga tsakar gidan Hasana tana sauraren numfashin da ke fitowa daga ɗaki, ta juya ta tafi. A satin ne Maliki ya dawo daga Kano da tuffa guda uku da wani fasinja ya ba shi. Ta tuna nas ɗin nan ta taɓa cewa a garinsu ana saka tuffa a kek. Ta fere su ta yanka ƙanana, ta daka kirfa da citta da kanumfari, ta goga gyaɗar ƙamshi, ta buga bota da sukari har hannunta ya sage, ta juye a faffaɗan gwangwanin da ba ta taɓa amfani da shi ba. Abin ya tashi ya yi ja, ƙamshi ya cika layin. Ta rufe da faifai ta kai da kanta, ta dire a gaban Hasana tana yamutsa fuska.

"Yaya, wannan ya lalace, ba zai sayu ba. In akwai mai ci a gidan nan a ba shi, in babu a ba kaji."

Hasana ta dubi kek ɗin, ta dubi matar ƙanenta, ta ɗauka ta shiga da shi ɗaki. Yarinyar ta ci yanka biyu a ranar, washegari ta nemi tuwo.

Daga nan abin ya zama na kowace shekara. Da an fara ganin damman gero a kan amalanke, Barakatu za ta ce wa Maliki, kamar maganar ba ta dame ta ba, in ya bi ta kasuwar 'yan lemo ya duba mata tuffa. Ta gasa guda ɗaya tak, a wannan gwangwanin, kuma kowace shekara sai ya "lalace". Matan unguwa sun sha roƙonta ta yi musu irinsa na biki, ta ce ita ba ta iya ba, ai ga shi kullum ɓaci yake. Maliki ya taɓa cewa, "Ni dai Allah Ya nuna mini ranar da nawa rabon zai lalace haka." Ta watsa masa harara, ya ja bakinsa.

Siddiƙa ta gama sakandare, ta auri Sama'ila, mai shagon kayan masarufi a Kongolam. Tafiyar ba ta kai awa guda ba a mota, amma cikin shekara tara Barakatu ba ta taka gidan ba ko sau ɗaya. Me za ta je yi gidan suruki, gidan 'yar fari kuma? Hasana ce mai zuwa, ranar kasuwar Mai'adua, in motoci sun yawaita. Ita ke ɗaukar kek ɗin kaka a cikin langa, da saƙonsa da ba ya canzawa. Wani lokaci, in Barakatu tana tankaɗe ita kaɗai, tunani yakan zo mata: anya yarinyar nan ba ta ɗauka da gaske ba ne, cewa ita abin da ya lalace kawai ake aika mata? Sai ta kori tunanin ta ci gaba da aikinta. A ranta akwai lokaci, wata rana in ta tsufa sosai, kunya ta saki, za ta zaunar da ita ta faɗa mata.

A kakar da Siddiƙa ke da cikinta na uku, ƙafafunta suka kumbura, ciwon kai ya matsa mata. Ranar wata Laraba da hantsi wayar Barakatu ta yi ƙara, tana zaune cikin mata huɗu da suka zo maganar kek ɗin wani biki. Ta ga lambar Siddiƙa ce, ta ɗauka da sauri, don yarinyar ba ta saba kiranta kai tsaye ba. Bayan gaisuwa Siddiƙa ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Inna, ba na iya cin komai. Bana babu wanda ya lalace ne?"

Tuffa biyar na cikin kwalla a ƙarƙashin gado tun shekaranjiya. Yashi ya bushe, gawayi na nan. Da ta tashi a lokacin, kafin la'asar kek na Kongolam. Amma idanu takwas na kanta, kuma duk sun gane da wa take magana.

"Aiki ya yi mini yawa," in ji ta. "In an samu sarari a gani. Ki gaida mutanen gidan."

"To Inna. Allah Ya ba da sarari."

Ta kashe wayar ta koma maganar biki, ɗaya daga cikin matan har tana yaba mata, wai irinsu Barakatu sun ƙare. Ta ji daɗin yabon, kuma wannan jin daɗin ne abin da ta kasa yafe wa kanta daga baya. Lissafinta shi ne ta gasa ranar Asabar, Hasana ta tafi da shi Lahadi ranar kasuwa kamar kullum, ba wanda zai ce ta yi rawar jiki a kan 'yar fari. Kwana huɗu ne kawai.

Ranar Asabar ta idar da sallar walha ta hura gawayi. Ba ta taɓa yi wa kwaɓi hidima irin ta ranar ba. Ƙwai takwas ta fasa, ta rage citta saboda mai ciki, ta jera yankakkiyar tuffa a sama kamar yadda ake jera kwanuka a ɗakin amarya. Ƙamshi ya fara tashi ke nan sai ta ji sallamar Maliki, wanda ya kamata a ce ya wuce Kazaure a lokacin. Ya shigo ba hula, ya tsaya a bakin rumfa.

"Barakatu, sai haƙuri. Sama'ila ya kira ni. Jijjiga ta kama ta da safe, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ita da abin da ke cikinta."

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sai ta juya ta kwashe garwashin kan murfi, ta buɗe tukunya, ta soka tsinke ta duba, don hancinta ya ce ya yi, hannunta kuma bai san an yi mutuwa ba. Tsinken ya fito fes. Tunda take ba ta taɓa gasa mai kyansa ba.

Ba ta san lokacin da ta juye shi a langa ta ɗaure da ɗankwali ba. Sai a cikin mota, sun bar Daura, gonaki na wucewa an kwantar da gero, ta ji ɗumi a cinyarta ta duba. Hasana na gefenta tana kuka ba ɓoyo. Ita kuwa ido ya bushe, tana ta kallon hanyar tana mamakin gajartarta. Ashe nan da nan ne.

Ta ga gidan a karon farko: bishiyar zogale a tsakar gida, ɗaki biyu, igiyar shanya da zanin da ta saka a kayan aure har ya koɗe. An riga an yi wanka an suturta. Aka buɗe mata fuskar, ta duba, ta yi addu'a a ciki, maza suka ɗauka. Mata suna ta cewa kun ga uwa mai tawakkali, ko ɗigon hawaye. Wata ta karɓi langar daga hannunta ta kai wa yaran marigayiyar, Barakatu ta kau da kai don kada ta ga ana yankawa.

Da la'asar, mutane sun ɗan ragu, ta samu Hasana a ƙuryar ɗaki. Ta zauna kusa da ita tana murza bakin mayafinta.

"Yaya, ta tafi tana ganin abin da ya lalace nake aika mata."

Hasana ta share fuska. "Ke dai Barakatu. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu ta gane. Ta ce da ni, Gwaggo, Inna ba ta taɓa ɓata na kowa ba, sai nawa ne ke lalacewa duk shekara? Tana faɗa tana dariya. Na ce bari in gaya miki an gano ki, ta riƙe mini hannu ta ce kada in soma, wai za ki ji kunya ki daina."

Nan ne abin ya ƙwace wa Barakatu. Ta kifa kai a cinyar Hasana ta yi kukan da aka ji har zaure, matan da suka yabe ta ɗazu suka yi tsit. Shekara goma sha bakwai yarinyar na riƙe mata kunyarta, tana lallaɓa ta kamar ita ce uwar, ita kuma ta kasa rage mata jiran kwana huɗu.

Ba ta bar sana'a ba, har yau ana kai mata aikin biki, sai dai bakin nan ya yi sanyi, mai taɓa mata sukari ma ya samu lafiya. Da kaka ta zagayo Maliki ya rasa yadda zai yi, ya sayo tuffa ko kada ya sayo. Ita ta ce masa ya sayo. Ta gasa a faffaɗan gwangwanin, ta yanka ƙanana ta jera a tire, ta sa mayafi ta shiga gida-gida da kanta tana rabawa. Waɗanda suka sani suka karɓa suka yi addu'a ba tambaya. A gidan ƙarshe, wanda nas ta taɓa zama, wata baƙuwa ce ta tare kwanan nan, matar wani malamin makaranta. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya.

"Allah Ya karɓa, Inna. Wa za a yi wa addu'a?"

Barakatu ta buɗe baki, "'yar Yaya Hasana" ta zo mata har kan harshe. Ta haɗiye ta. Ta gyara riƙon tiren.

"Siddiƙa," ta ce. Sunan ya fito mata baƙo, kamar ba ita ta haifi mai shi ba, sai ta sake faɗa a hankali yadda matar za ta ji da kyau. "Siddiƙa. 'Yata ce, ta fari. Don ita nake yin sa."